Ka taɓa kai baƙonka Sharaɗa?



In ka yi baƙo a Kano, an san inda za ka kai shi: Dutsen Dala, Kasuwar Kurmi, Gidan Makama, marinar Ƙofar Mata, a ƙarƙare da Ado Bayero Mall. To, ni yau zan ƙara mana uku: Bompai, Sharaɗa da Challawa.

Bompai ce babbar yaya, tun zamanin Turawa aka fara kafa masana'antu a can. Sharaɗa kuwa ta bunƙasa har aka kasa ta kashi uku, ga kamfanonin robobi birjik. Challawa ita ce cibiyar majemu. Fatar da ake jemewa a wurin har Italiya take zuwa.

Amma fa in ka zaga, wallahi jikinka zai yi sanyi. Ƙofofi da yawa a garƙame, ciyawa ta cinye harabar, wasu gine-ginen sun koma sito. Rashin wuta, tsadar man dizal, kayan fasa-ƙwauri, da faɗuwar naira tun tsarin SAP na 1986, su suka durƙusar da su. Shi ya sa yawancin atamfar Kantin Kwari yanzu daga China take zuwa.

Aikin da muke yawo da takardu muna nema, a waɗannan layukan ya mutu. Ku haɗa abokai ku je, ku nemi izini a bakin ƙofa, ku zanta da tsofaffin ma'aikata. In ɗan takara ya zo neman ƙuri'a, ku tambaye shi: wace masana'anta za ka buɗe, kuma da wace wutar?

Sai mun haɗu a shiri na gaba.