KULA DA ƘAFAR BAYA TA MOTON DAJI

Ran kasuwa da marece, wani makaniki daga Maraɗi ya zo cibiyar yaƙi da jahilci. Ya yi jawabi gaban masu koyon karatu, da malaminsu, da samari masu kabu-kabu. Ga abin da ya faɗi.

Ya ce moto a ƙauye ba kayan ado ba ne. Shi ke kai mace mai naƙuda gidan likita cikin dare. Shi ke kawo mai allurar rigakafi. Shi ke kai buhun wake kasuwa. In ya lalace tsakar daji, can hanyar Dakoro ko Mayahi inda rairayi ke da zurfi, mai shi da wanda ya ɗauko duk sun shiga wahala.

Kowa ya san zuba esansi. Kowa ya san canza baƙin mai. Amma ƙafar baya, ba mai tuna ta sai ran da ta fara kuka.

Makanikin ya durƙusa ya gwada wa jama'a. Tayar baya tana cikin wani ƙarfe mai rassa biyu, kamar gwafa. Gindin gwafar yana haɗe da jikin moto da dogon bulon guda. Bisa bulon ɗin nan gwafar take hawa tana sauka in taya ta faɗa rami. Sai amortisar, wanda waɗansu ke ce wa shokozoba. Resor ɗin da ke waje shi ke ɗaukar nauyi. Man da ke ciki shi ke hana moto yin tsalle kamar ɗan akuya. Kasea da irinsa amortisar biyu gare su, dama da hagu. Moton daji da yawa guda ɗaya gare su a tsakiya, waɗansu da ƴan ƙananan gaɓoɓi a ƙarƙashi, dab da ƙasa. Gaɓoɓin nan su suka fi shan ƙura da laka.

Ya tuna wa dattawa tseren Pari-Dakar na fari, a 1979, da ya bi ta Agadas da Yamai. Wani Bafaranshe, Cyril Neveu, shi ya ci, bisa Yamaha XT 500. Ya ce tafiyarsu ta ƴan makonni ce. Moton ƙauye kuwa shekara da shekaru yake cikin rairayi, ga lodi, ga mutum uku a bisa.

Gwaji ba ya bukatar kuɗi. A aza cikin moto bisa kututture ko turmi har tayar baya ta bar ƙasa. Wani ya riƙe moto. A kama taya a girgiza ta dama da hagu. In gindin gwafa yana motsi, ko an ji ƙas-ƙas, to wurin ya cinye. A sauke moto, a danna sirdi da ƙarfi, a saki. Ya kamata ya taso sau ɗaya ya tsaya. In ya yi ta rawa, amortisar ya mutu. In an ga mai yana zuba a jikinsa ƙura ta manne, shi ma alama ce.

Daga nan ya daɗe bisa maganar sa giris, don nan ne mutane ke kuskure. A shimfiɗa tabarma ko tsohon buhu tukuna. Kada a kwance komai bisa rairayi. A cire taya, a kwance amortisar, a zare dogon bulon. Duk abin da ya fito a jera shi bi da bi, na dama a dama, na hagu a hagu, don kada a rikice wurin mayarwa. Cikin waɗansu motoci akwai rulma mai ƴan ƙananan ƙarafa kamar guntayen allura. A ƙidaya su. In guda ta ɓace cikin ƙasa, ranar ba tafiya.

A wanke kome da kananzir, a goge da tsumma mai tsabta, a bari ya bushe. Rulmar da ta yi ja da tsatsa, giris ba ya warkar da ita, sai sabuwa. Mai kyau kuwa a cika ta da giris wanda ruwa ba ya wankewa, a tura shi da yatsa har ya shiga ko'ina. A shafa wa dogon bulon shi ma, in ba haka ba wata rana guduma ma ba ta fidda shi. A duba ƴan zoben roba na gefe, su ne ƙofar da ke tare ƙura. In akwai ɗan bakin ɗura giris a jikin gwafa, a ɗura da famfo har tsohon ya fito baƙi. Abin da ya ragu a waje a goge shi sarai, don giris da rairayi in sun haɗu dutsen niƙa ne.

Wani saurayi ya ce: «Maigida, in ba giris, baƙin mai na injin bai yi ba?» Makanikin ya ce bai yi ba, tsiyayewa yake, kuma da dauɗa cikinsa. Man gyaɗa da man shanu a bar wa mai tuwo. Ya ƙara da cewa moton da gindin gwafarsa roba ce zalla, kada a sa wa robar giris, yana lalata ta. In ta tsage a canza ta.

Wurin ɗaurewa, a ja ekuru sosai amma kada a hau kile da ƙafa. Gwafa ta riƙa hawa da sauka ba cijewa. Mai amortisar biyu ya sa matakin resor daidai, dama da hagu. Amortisar mai iska a ciki kuwa, kada a huda shi, kada a kai shi kusa da wuta, fashewa yake.

Malamin cibiya ya tambayi lokacin aikin. Ya ce sau biyu a shekara: kafin ruwan fari, da bayan girbi. Wanda ke ƙetare Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba da damina ya ƙara sau ɗaya a tsakani. Kuma bayan an mayar da taya a duba sarƙa. A bar mata sako-sako kamar faɗin yatsa biyu, a sake dubawa da mutum zaune bisa sirdi. Malam ya rubuta ranakun a allo, masu karatu sun kwafa cikin littattafansu.