Bashin Ruwan Rima: Wa Ya Shawarci Mutanen Augie?

Laccar da aka yi wa jama'a a bakin kasuwar Augie.

Dattawa, masu awon shinkafa, Sarkawa masu kifi, da sauran 'yan'uwana talakawa, ku kasa kunne. Maganata yau a kan Bankin Duniya ne da ruwan gulbinmu.

A 1993 bankin nan ya rubuta ƙa'idar da zai riƙa bi in zai ba da rance kan aikin ruwa. Na karanta ta. Ta ce kogi ɗaya ne tun daga kansa har wutsiyarsa, kada a gyara wa na sama a manta da na ƙasa. Ta ce a shawarci masu amfani da ruwan, kuma su riƙa biyan kuɗinsa. Wannan na biyan kuɗi kam ba na jin za a manta da shi! A 2002 bankin ya sa ma'aikatansa suka duba ko an bi ƙa'idar, suka ce an bi wani, an bar wani. Madalla da gaskiyarsu. Amma ku 'yan kasuwa kun san yadda awo ke fitowa in mai kaya ne ya auna da mudunsa. To, bari mu kawo namu mudun.

Madatsa biyu ke bisa kanmu: Bakolori a Gulbin Sakkwato, wadda aka gama a 1978, da Goronyo a Rima, 1984. Gwamnati ce ta gina su. A 1980 manoman Bakolori suka nemi diyyar gonakinsu, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Mu na ƙasa ba a harbe mu ba, amma ruwan da ke malale fadama kowace damina, ya raya shinkafa, ya cika tafkuna da kifi, sai ya ragu. Yau noman rani sai da inji da fetur. Ran da ruwan ya zo kuwa, da fushi yake zuwa. Wa ya manta Satumbar 2010, da ruwan Goronyo ya kwararo ya ci gidaje da rumbuna? A 2020 shinkafa ta sake nutsewa.

A 2014 bankin ya ranta wa Nijeriya kusan dala miliyan 500 don gyaran madatsu da magudanan noman rani, har da Bakolori da Goronyo. An yi gyara, an kafa ƙungiyoyin manoma masu shan ruwan magudana. Ba na yi musu hassada. Tambayata ita ce, ran da za a buɗe ƙofar madatsa ko a rufe, wa ke aiko wa Augie da Argungu labari? A cikinku wa aka taɓa kira shawara? Ya ɗaga hannu in gani. A 2024 an amince da wani rancen na dala miliyan 500, kuma bashi ne, ba sadaka ba. Da harajinku za a biya, da na 'ya'yanku.

Bankin yana da kwamitin sauraron ƙara, wanda aka kafa tun 1993. Ko mutum biyu ne aikin bankin ya cuta, suna da ikon rubuta masa takarda. Mu mun fi biyu. Duk wanda ruwa ya ci wa gona, ko ya ƙafe masa ana tsakiyar rani, ya same ni bayan la'asar ya faɗi shekarar da girman gonar. Wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa.