Barkono da ganyen ƙamshi a tsakar gida lokacin bazara

Jawabin da anka karanta a taron ƙungiya na ƙarshen watan Maris, a Yamai

Mun gode da kunka ba mu fili, ko da yake a gaban manya yaro ba shi da abin koyarwa game da ƙasa da iri. Abin da munka zo da shi gyaran kuskure ne, kuma kuskuren namu ne.

Kun tuna bara, a irin wannan taro, mu malaman lakwal munka ba da shawara kowane gida ya shuka barkono, wato tonka, a tsakar gida. Mutane sun karɓa. Wasu sun sayi iri, wasu sun aika gida an kawo musu. Barkono ya tsiro, ya yi ganye, ya yi fure gwanin kyau, sai furen ya dinga zuba ƙasa. Har watan Mayu ya ƙare gidaje da yawa ba su tsinki ko ɗa guda ba. Wata uwa tamu ta tare mu a ƙofar gida ta ce: "Mushe, ruwan da na saya wurin ga-ruwa na zuba ma iccen nan, da barkonon na saya da kuɗin, da ya kai ni damana." Gaskiya ta faɗa, kuma ba mu sami amsa ba a ranar. Yau munka zo da amsar.

Barkono yana son ɗumi, amma ɗumin yana da iyaka. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 20 da 30. In zafin rana ya wuce 35, dare kuma bai yi sanyi ba, garin da ke cikin furen yakan lalace, furen ya bushe ya faɗi ba tare da ya ƙulla ɗa ba. To, nan Yamai, a watan Afirilu da farkon Mayu, zafin rana yakan kai digiri 40 ya wuce kusan kullum. Mu kuwa mun sa kun shuka a Janairu, sai furen ya fito daidai tsakiyar wannan wuta. Littafin da munka duba ya ce a shuka a lokacin da Faransawa ke kira "printemps", amma nasu lokacin fitowa ne daga sanyin ƙanƙara, namu kuwa shiga ne cikin zafi. Laifin yana ga wanda ya karanta bai ɗaga kai ya dubi sama ba. Masu garka na Gamkalle da Saga da Yantala, waɗanda ke aiki bakin Isa tun kakanninsu, sun san wannan ba da littafi ba.

Sai wani ya ce, to a bari mana. Ga dalilin da ya sa muke roƙon kada a bari. In uwargida tana kashe dala 20 kowace rana a kan barkono da ɗan ganyen ƙamshi, a wata jika 3 ke nan, a shekara jika 36. Wannan kuɗi ya isa littattafai da kayan lakwal na yaro, ko ya ƙara a kan abin da muke aikawa gida lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Dattawanmu kuma sun ga 1984 da idonsu. Bayan farin wannan shekara ne gwamnatin Seyni Kunce ta tura jama'a noman rani ko'ina cikin ƙasa, mutanen da ba su taɓa riƙe arozuwar ba sunka koyi garka, kuma garkar ta riƙe gidaje da dama. Dubi Difa, inda jan tattasai na bakin Komadugu ya zama dukiyar jiha guda. Dubi Galmi da albasarta wadda sunanta ya kai ƙasashen bakin teku. Ba mu ce tsakar gidan haya za ta zama Difa ba, amma tushe biyar ko shida na barkono suna isar tukunyar gida ɗaya.

Ga yadda muke ganin a yi bana.

Na fari, bazara lokacin reno ne. Tsakiyar Afirilu zuwa farkon Mayu a zuba iri a cikin tsohuwar roba ko kwano mai huji a gindi, a aje a inuwa, ƙarƙashin rumfa ko gindin bedi. Kada a binne irin da zurfi, rabin gaɓar yatsa ya isa. A yayyafa ruwa da hannu safe da marece. Cikin kwana 7 zuwa 14 zai tsiro. A rufe da tsohon sange, don ƙadangaru da kaji da tsuntsaye ba su da wani ɗanyen abu a wannan lokaci sai shi. Bayan kwana 40 zuwa 45, in ya yi ganye biyar ko shida, ya isa dashe. Kun ga lissafin ya kai mu watan Yuni, sa'ad da damana ke faɗuwa, iska ta yi sanyi. Furen zai fito a Yuli da Agusta, lokacin da zafi ya sauka, a fara tsinka wajen wata biyu zuwa uku bayan dashe.

Na biyu, wanda ke da tsohon tushe na bara kada ya tuge shi. Barkono, musamman ƙanana masu yaji da tugande, yana iya shekara biyu ko uku. A rage masa rassa, a kai shi inda zai sami ranar safe kaɗai, daga hantsi kuwa inuwa ta rufe shi. In ba a iya ɗaga shi, a kafa masa zana ta yamma. In ya zubar da fure a Afirilu kada a damu, neman rai yake yi. Da ruwan fari ya sauka zai toho, kuma zai riga sabon dashe haihuwa.

Na uku, ƙasa. Yawancinmu haya muke, mai gida ba ya son a haƙa masa tsakar gida, mu ma ba mu san ranar tashi ba. Saboda haka a shuka cikin abin da ake ɗauka: buhun shinkafa, tsohon bokiti, bido da anka yanke, ko tano rabi. A huda gindin don ruwa ya fita. A haɗa ƙasa kashi biyu da taki kashi ɗaya. Takin ya zama ruɓaɓɓe wanda ya kwana wata biyu ko uku, don ɗanyen kashin awaki ko na kaji yana ƙone saiwa. Tushe ɗaya a bokiti ɗaya. Wanda ke da fili ya bar kamar santimita 50 tsakanin tushe da tushe. Baƙar roba tana ɗaukar zafi ƙwarai, a naɗe ta da tsohon buhu ko a jera ta bayan bango.

Na huɗu, ruwa, wanda shi ne ya ɓata mana bara. Tushe ɗaya a bokiti yana shan litar 1 zuwa 2 a rana cikin bazara. Ba sai an saya ba. Ruwan alwala na mutum biyu, in an tara a kwano, ya ishe shi. Haka ruwan wankin shinkafa da na gero da na ganye. Ruwan omo da na wanke-wanke mai mai da gishiri kam kada a zuba. A ba da ruwa da sassafe ko bayan la'asar, a gindi. A rufe bakin ƙasar da ɓawon gujiya ko ƙaiƙayi ko busasshen ganye, kaurin yatsa biyu, don rana ta bar shanye damshin. Kuma a riƙa bayarwa kullum daidai. In an bar shi da ƙishi kwana uku sa'an nan a cika shi da ruwa, ɗiyan sukan yi baƙin tabo a gindi su ruɓe.

Na biyar, ƙwari. Ku riƙa juya ganye kuna duba bayansa. Can darɓa da farin ƙuda ke ɓoyewa suna tsotsar ruwan icce. Maganinsu yana zube a titunanmu, domin tun 1965 anka fara dasa bedi kewaye da Yamai. A daka busassun ɗiyan bedi rabin kilo, a jiƙa cikin litar 10 na ruwa ya kwana, a tace, a sa ɗan sabulu kaɗan, a yayyafa da marece sau ɗaya a mako. In tushe ya nannaɗe ganye ya tsugune bai ƙara girma ba, ciwo ne wanda ƙwarin ke ɗauka daga wannan zuwa wancan, kuma ba shi da magani. A tuge shi a ƙone. Muna roƙon ku da girman Allah, kada a sayo maganin feshi marar takarda a kasuwa a zuba a tsakar gida inda yara ke rarrafe.

Sauran ganyen ƙamshi. Ɗoɗɗoya tana jure zafi fiye da barkono, a riƙa tsinke kanta kafin ta yi fure don ta yi rassa. Na'ana'a ba ta bukatar iri: wadda kunka sayo don shayi, ku ɗauki reshe ku sa a ruwa kwana kaɗan, zai yi saiwa. Tana son inuwa da damshi, gindin randa ne wurinta, amma a ba ta tukunyarta ita kaɗai don tana mamaye wuri. Sitronel ana raba tushensa a dasa, kuma da wuya ya mutu. Farsil da lansir kam a jira Nuwamba, na sanyi ne. Wanda ke da kusurwa ya kafa zogale guda, inuwarsa marar nauyi ce, barkono yana jin daɗinta, ganyen kuma ga kwaɗo.

Yanzu roƙonmu ga dattawa. Irin kanti da anka rubuta F1 a takardarsa yana haihuwa da kyau shekarar farko, amma in ka ɗebi iri daga gare shi, ɗiyan ba su fitowa kamar uwar. Irin da iyayenmu mata ke shukawa bayan ɗaki a garinmu ya saba da ƙasarmu da ranarmu, kuma yana ƙarewa, don masu adana shi suna tsufa, mu kuwa muna nan birni. Duk mai zuwa gida kafin damana ya roƙo mana ko cikin tafin hannu ne. A zaɓi jajaye daga tushen da ya fi lafiya, a shanya a inuwa, a zuba a kwalba da ɗan toka, a toshe. Kada a shuka mai yaji kusa da tattasai in ana son iri, don ƙudan zuma na gauraya su.

Mu malamai mun ɗauki alkawarin reno bana a gidajenmu, da ruwanmu. A taron Yuni kowane gida da ya rubuta suna wurin magatakarda zai karɓi dashe biyar kyauta, sai dai ya zo da bokitinsa da ƙasarsa a shirye. Gidajen da sunka yi hasara bara su ne na farko a layi. A taron Oktoba kuma kowa ya zo ya faɗi abin da ya samu, mai daɗi da marar daɗi, a rubuta a wannan takarda tamu don na baya su amfana.

Inda munka yi daidai daga Allah ne, inda munka kuskure iyayenmu su gyara mana. Allah ya kai mu damana lafiya, ya ba mu ruwa mai albarka, ya kiyaye na gida da na daji. Wassalamu alaikum.