Sanin Gangar Jikin Laftof Kafin Sanin Manhajarta



Kwanakin baya wata ɗalibata ta shigo aji da laftof ɗinta a rungume, ranta a ɓace. Ta ce mako biyu ke nan na'urar ta daina kama intanet, ta kai wajen wani mai gyara ya ce sai an canza wani abu a ciki, kuɗin da ya yanka mata kuwa ba ta da shi. Na karɓa na jujjuya. A gefen dama akwai wani ɗan makunni da bai fi ƙwayar wake ba, irin wanda tsofaffin laftof ke da shi don kunna Wi-Fi da kashe shi. Wajen cusa na'urar a jaka ne ya ture. Na mayar da shi da farce, fitila ta kawo. Yarinyar nan ta iya jera lissafi a Excel fiye da ni, amma shekara guda tana tare da na'urar ba ta taɓa duban gefenta ba.

Ban ga laifinta ba. Laifin namu ne masu koyarwa. Darasinmu na farko kullum shi ne "danna nan ka kunna", daga nan sai Word, sai Excel, sai takardar shaida. Wannan tsari zai iya wadatar da wanda ya ɓare sabuwar na'ura daga kwali, yake zaune a ɗaki mai sanyi da wutar da ba ta ƙiftawa. Mu kuwa yawancin laftof ɗin da ke hannunmu na hannu ne. Sun gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, aka loda su zuwa Legas, suka bi ta Computer Village da ke Ikeja, suka iso shagunan Titin Beirut a Kano da makamantansu. Abin da wannan takarda ke son ta tsayar shi ne, a irin wannan hali, sanin jikin na'urar ya kamata ya riga sanin manhajarta. Ba a sayen doki sai an buɗe bakinsa an duba haƙora.

Kada a ɗauka ina kushe kayan hannu. Dell Latitude da HP EliteBook da ThinkPad, waɗanda suka cika kasuwanninmu, don aikin ofis aka ƙera su: jikinsu da ƙwari, da sukurudireba ake buɗe su, kayan gyaransu kuma ba sa wuyar samu. ThinkPad tun 1992 kamfanin IBM ya fito da ita, kafin Lenovo ya saye sashen a 2005, kuma har yau masu gyara suna yabon ta. Sau da yawa tsohuwa daga cikin waɗannan ta fi sabuwa mai araha. Sai dai fa ga wanda ya iya zaɓe.

Karanta lambar furosesa

Yaudara mafi yawa a cinikin laftof tana liƙe a jikin 'yar sitikar nan da ke ƙasan madannai. Mai saye ya ga "Core i7" sai hankalinsa ya kwanta, don an ce masa bakwai ta fi biyar. Alhali Intel ya fara amfani da sunan i7 tun 2008, ke nan sunan shi kaɗai bai faɗi shekarun na'ura ba. Shekarun suna cikin lambar da ke biye. A i7-3520M, ukun farko na nufin zubi na uku, wato fitowar 2012. A i5-8250U, takwas ɗin na nufin zubi na takwas, fitowar 2017. Daga zubi na goma zuwa sama, lambobi biyu na farko ake karantawa. Ita i7 ɗin can ƙwayoyin aiki biyu gare ta, ita kuwa i5 ɗin huɗu. Wanda ya ƙara kuɗi ya ɗauki ta farkon saboda sitika, ya sayi tsohuwar saniya da farashin karsana.

Ganin wannan lamba bai buƙatar buɗe na'ura. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, a shiga shafin da ke nuna aikin sassan na'ura, nan take za a ga cikakken sunan furosesa, yawan RAM, da nau'in ma'ajiya. Aikin minti ɗaya ne a gaban mai shago.

Maganar zubi ta ƙara nauyi saboda Microsoft ya sanya 14 ga Oktoba, 2025 a matsayin ranar daina kula da Windows 10, Windows 11 kuma a hukumance tana neman furosesan Intel daga zubi na takwas zuwa sama, tare da wani ɗan sashen tsaro mai suna TPM 2.0. Na'urar da ba ta kai nan ba ba ta mutu ba. Za ta ci gaba da aiki, kuma manhajar Linux, irin su Ubuntu, tana tafiya a kanta lafiya lau. Amma ya kamata mai saye ya sani, farashi kuma ya sauka daidai da haka.

Tukunya da rumbu

Mutane da yawa suna haɗa RAM da ma'ajiya su kira su duka "memori". Ma'ajiya rumbu ce, RAM kuwa tukunyar da ke kan wuta. Komai girman rumbu, in tukunya ƙarama ce sai an yi girki sau uku kafin gida ya ci. Windows 11 tana karɓar gigabait 4, amma duk wanda ya gwada ya san wahala ce. 8 ne mafarin jin daɗi. Abin tambaya shi ne ko RAM ɗin irin wanda ake zarewa ne a ƙara wani, ko kuwa an manne shi a jikin allon uwa, kamar yadda ake yi wa siraran laftof na yanzu.

A ɓangaren ma'ajiya, tsohon faifai na HDD yana juyawa ne sau 5,400 ko 7,200 a minti, da ɗan hannu yana shawagi a samansa, shi ya sa faɗuwa ɗaya daga kan benci takan tafi da aikin digiri sukutum. Sabuwar ma'ajiya ta SSD kuwa ba abin da ke motsi a cikinta. Ban san wani gyara da ke farfaɗo da tsohuwar laftof kamar cire HDD a sa SSD ba.

Caja da batir

Nan zan ɗan daɗe, don nan ne muka fi asara. Kowace caja akwai rubutu a bayanta, kuma zan iya rantsuwa ba kowa a cikinmu ya taɓa karanta na tasa ba. Layi biyu ne masu amfani. Na farko yana faɗin wutar da cajar ke karɓa, galibi daga bolt 100 zuwa 240. Ke nan raunin wutar NEPA bai cika cutar da ita ba. Abin da ke kashe caja shi ne wutar da ta dawo da ƙarfi bagatatan, ko tsallen da ƙaramin janareta ke yi sa'ad da aka tayar da shi ko mai ya kusa ƙarewa. Dabarar ba ta da tsada: in an ɗauke wuta a zare caja daga bango, sai wutar ta zauna a mayar.

Layi na biyu yana faɗin wutar da take fitarwa, bolt da amfiya. Cajar HP da ta Dell yawanci bolt 19.5 ne, ta Lenovo 20. In aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat: 20 sau 3.25 ya ba da 65. Ƙa'idar ita ce bolt ya yi daidai da abin da aka rubuta a ƙarƙashin laftof, wat kuma ya kai ko ya wuce. Cajar wat 90 ba ta ƙona na'urar wat 65, don na'urar iya cikinta take ja. Amma cajar wat 45 a kan na'urar da ke neman 90 za ta yi ta zafi, batir ya ƙi cika.

Akwai kuma wani abu da ke rikita ko da masu gyara. Bakin cajar HP yakan shiga ramin Dell daram, sai mutum ya ce ai duk ɗaya ne. A tsakiyar bakin akwai wata siririyar allura, ba ita ke kai wuta ba, ita ce ke gabatar da cajar ga na'ura. In Dell ba ta gane cajar ba, sai ta ƙi cajin batir, ta kuma rage gudun furosesa. Na sha ganin wanda ya canza batir, ya sake Windows, ya yi ta tsinuwa, ashe allurar ce ta karye ko cajar jabu ce.

Batirin laftof na lithiyam ne, irin wanda Sony ya fara sayarwa a 1991, wanda kuma ya jawo wa John Goodenough da Stanley Whittingham da Akira Yoshino kyautar Nobel a 2019. Yana tsufa ko ana amfani da shi ko ba a yi, zafi da zama a cike maƙil kullum kuma suna gaggauta tsufan. Saboda haka Lenovo da Dell suka tanadi hanyar tsayar da caji kafin ya cika, misali a kashi 80 cikin ɗari, ga wanda na'urarsa ke wuni a jone. Mu da wuta ba ta da tabbas, ban ce kowa ya bi wannan ba. Wanda bai san yaushe za a kawo wuta ba, ya cika abinsa.

Amma ga abin da nake so kowa ya tafi da shi. Idan mai shago ya ce "batirin nan yana awa huɗu", ba sai an yi musu ba. A buɗe wurin rubuta umarni a Windows a rubuta powercfg /batteryreport. Na'urar za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu: ƙarfin da aka ƙera batirin da shi, da ƙarfin da yake iya ɗauka yau. In na farko 48,000 ne na biyu 15,000, ciniki ya koma sabo. Gani ya kori ji. In kuma aka ga wurin shafa yatsa ya tasa, ko murfin ƙasa ya bankare, batir ne ya kumbura. Wannan ba a lallaɓa shi, ba a huda shi, cire shi ake yi, don yana iya kamawa da wuta.

Zafi da ƙura

Yawancin masu ƙera laftof digiri 35 suke rubutawa a matsayin iyakar zafin wurin aiki. A watan Afrilu kuwa Kano da Sakkwato da Maiduguri sukan haura 40. Ke nan tun kafin a kunna, an riga an ƙetare iyaka. A ciki, bututun jan ƙarfe ne ke kwaso zafi daga furosesa ya kai bakin fanka, fanka ta zuƙo iska ta ƙasa ta hura waje ta gefe ko ta baya. Wanda ya ɗora laftof a kan katifa ko darduma ya toshe mata hanci. Ni kaina na yi wannan, na rubuta rabin kundina a kan filo, har na'urar ta fara mutuwa da kanta ina zargin bairos. Da aka buɗe, ƙurar hunturu biyu ta dunƙule a bakin fanka kamar audugar katifa. Furosesa in ta doshi digiri 100 takan rage gudu don ta tsira, in abin ya ƙi ta kashe kanta. Yawancin kukan "ta yi nauyi" daga nan yake. Faranti ko guntun katako a ƙarƙashi, da busa ƙura sau ɗaya bayan hunturu, sun isa. Mai busawa ya riƙe fukafukan fanka kada iska ta wulwula su fiye da kima.

Kafofi da madannai

Duk wanda ya saba halartar taruka ya ga yadda ake ɓata rabin awa ana kokawa da majigi. Shuɗiyar kafar VGA mai ramuka 15, wadda ta samo asali tun 1987, hoto kawai take kaiwa, ba murya. HDMI ke kai duka biyun. In an jona allo bai nuna ba, maɓallin Windows da harafin P ake dannawa tare. Kafar USB mai shuɗin harshe ta ninka baƙar sauri kusan sau goma a ƙa'ida, can ya kamata a soka filash in fayil babba ne. USB-C kuwa kama ce da wane: ba kowace ke caji ba, ba kowace ke fitar da hoto ba.

Madannai ma suna zuwa da ƙasarsu. Na Ingila alamar @ tana kusa da Enter, na Amurka tana kan lamba 2. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram sun fi sabawa da tsarin Faransa, inda A ke mazaunin Q, lambobi kuma sai an haɗa da Shift. Idan abin da aka zana a maɓalli ya saɓa da tsarin da aka zaɓa a Windows, mutum sai ya yi ta rubuta kalmar sirrinsa daidai ana ce masa kuskure ne. Haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, ba a zana su a kowane maɓalli ba, amma Windows tana da tsarin madannai na Hausa a cikinta, ƙara shi kawai ake yi. Abin kunya ne a ce har yanzu ana buga kundin digiri na Hausa da ƙ ɗin da aka lanƙwasa da biro.

Abu na ƙarshe ga mai saye: kafin a biya kuɗi, a shiga BIOS, wato saitin da ke gaban Windows: F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ana dannawa da zarar an kunna. In ta nemi kalmar sirri, tsohon ofishin da ya mallake ta ne ya kulle, kuma a wasu na'urorin cire kullen sai an taɓa allon uwa. A duba agogo a nan ɗin. In kullum yana komawa wata tsohuwar shekara, ɗan batirin agogon mai kamar kwabo ne ya ƙare, kuma muddin kwanan wata bai daidaita ba shafukan intanet da yawa za su ƙi buɗewa.

A ajina yanzu, ranar farko ba ma kunna komai. Kowa ya kife laftof ɗinsa a kan tebur, ya kwafe lambar samfurinta da bolt da amfiya a littafi, ya gwama da na cajarsa, ya ƙirga kafofin gefe ya faɗi aikin kowace, ya nuna mini inda iska ke shiga da inda take fita. A zangon da ya wuce, a wannan darasi kaɗai muka gano mutum uku suna amfani da cajar da ba tasu ba. Ina roƙon abokan aikina masu cibiyoyin koyarwa su gwada wannan awa ɗaya kafin su buɗe Word.