Shaidar Tsirran Ƙasar Fari a Gwarzo da Kabo



Gwarzo da Kabo, a yammacin Jihar Kano, ba hamada ba ce. Amma ƙasa ce mai dogon rani, inda akan yi wata bakwai ba ruwan kirki, kuma farin shekarar 1973 ya nuna yadda abinci da ciyawa kan ƙare a ƙasar Hausa har mutane da dabbobi su koma ga tsirran daji. Saboda haka shaidar tsiro ba aikin masana kaɗai ba ne, wajibi ne ga malamin gona, da malamin dabbobi, da malamin asibiti.

Abu huɗu ake dubawa: ganye, fure, ruwan jiki, da lokacin da tsiro yake yin kowanne. Alal misali, tafasa da rai-ɗore dangin juna ne, dukansu masu fure ruwan ɗorawa. Amma kama da wane ba ta wane. Ƙananan ganyen tafasa shida ne, biyu-biyu, masu dunƙulallen baki. Na rai-ɗore sun fi yawa, bakinsu kuma da tsini. Tafasa ana kwaɗonta, ɗanyun 'ya'yan rai-ɗore kuwa suna kashe dabbar da ta ci su da yawa.

Kyawun fure ba shi ne shaidar lafiya ba. Kariya takan yi jan fure da rani, sa'ad da ta kaɗe ganye, alhali ruwan jikinta dafi ne. Zaƙami yana da farin fure mai kama da kakaki, 'ya'yansa kuwa suna gusar da hankali. Farin ruwan tumfafiya, in ya shiga ido, yana yi masa lahani.

Bayan haka, tsiro shaida ne a kan ƙasar da ya tsira. Inda tumfafiya ta yi yawa, galibi gona ta gaji ko kiwo ya wuce kima. Ƙuduji, wato wuta-wuta, mai fure shunayya-shunayya, yana kama saiwar dawa da gero yana tsotsa tun bai fito fili ba. Tushe guda kan zubar da iri dubbai masu yawa, irin kuma ya yi fiye da shekara 10 a ƙasa bai mutu ba. Wanda ya shaida shi zai tuge shi kafin ya zuba iri. Gawo kuwa ya saɓa wa sauran itatuwa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi kore da rani, don haka ba ya hana hatsi rana, ganyensa kuma taki ne. Manomin da ya san ƙaramin gawo ba zai sa masa gatari ranar sassabe ba.

Tun 1916 Likita J. M. Dalziel ya buga littafin sunayen tsirrai na Hausa, kuma daga bakin mutanen ƙasa ya tattara su. Har yau wannan ilmi yana hannun tsofaffin manoma, da makiyaya, da mata masu ɗiban ganye. Sai dai suna yakan sāke daga gari zuwa gari, shi ya sa ya kamata ɗalibi ya tsinko reshe mai ganye da fure, ya matse shi tsakanin takardu, ya rubuta suna da wuri da wata. Gani ya kori ji.

Allah ya ba da damina mai albarka.