Jingar Ɗalibi da Buhun Wake na Toranke



An nemi in yi magana game da jingar da ake ba ku a darasin Kimiyya da Al'umma. Kowa ya san yadda ɗalibi ke yi da ita. Ana gobe za a karɓa, sai ya ɗauko littafi ko waya, ya kwafo labarin Galileo da Newton, ya miƙa wa malami, ya huta. To, jama'a, wannan rabin darasin ke nan, domin an kawo kimiyya an bar al'umma a waje. Abin da nake so in bari a zukatanku yau shi ne, jingar wannan darasi a cikin mutane ake yin ta.

Bari mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki. A ce an tura ɗayanku Toranke, cikin Ƙaramar Hukumar Ajingi, maƙwabciyar Gaya, an ce ya binciko yadda manomi ke ajiye wakensa.

Ga kimiyyar tukuna. Ƙwaron wake tun daga gona yake biyo shi. Macen takan saka ƙwai a jikin ƙwaya, tsutsa ta huda ta shige ciki tana ci, cikin mako uku zuwa huɗu ta fito ƙwaro, shi ma ya hayayyafa. Kafin 'yan watanni buhu ya koma huji da gari. Saboda haka manomi yana tsakanin abu biyu: ko ya sayar da kaka lokacin da wake ya yi arha, ko ya zuba magani. Waɗansu kan zuba maganin feshi mai guba, wanda ba a yi shi don abinci ba. A shekarar 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a cikinsa. Waken da aka ƙi a can, irinsa ne ake yi mana alale da ƙosai a nan.

Akwai kuwa dabarar da ba ta bukatar magani. Masana na Jami'ar Purdue ta Amurka, tare da takwarorinsu na Kamaru, sun fito da buhu mai ruɓi uku, watau leda biyu masu kauri a ciki, da buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure kowace leda tam, ƙwarin kan cinye 'yar iskar da ta rage, daga nan su daina ci da haihuwa, su mutu. Daga 2007 aka shiga yaɗa buhun a ƙasashen Afirka ta Yamma, har da Nijeriya da Nijar.

Duk wannan ɗalibi zai iya samu yana zaune a ɗaki. Abin da ba zai samu ba sai ya taka shi ne amsar waɗannan tambayoyi. Gida nawa ne ke amfani da buhun? Nawa ake sayar da shi, kuma a wace kasuwa? Mai kwano goma yaya zai yi da buhun da ke cin fiye da haka? Wake na maigida ne ko na matan gida, kuma wa ke yanke shawarar sayarwa? Wanda bashi ya tilasta wa sayarwa da kaka, me buhu zai tsinana masa? Me tsofaffi ke yi da toka da yashi da barkono, kuma yana aiki?

Kada kuwa ɗalibi ya raina wannan tambaya ta ƙarshe. A wajejen ƙarshen shekarun 1960, David Norman na Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ya yi nazarin ƙauyukan kewayen Zariya. A lokacin masana da yawa na ganin haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya rashin wayewa ne. Da aka auna gonaki aka ƙirga amfani, sai ga shi haɗin ya fi kawo riba a kowace eka, ya kuma fi tsare manomi daga asara idan damina ta saɓa. Awo da saurare ne suka nuna manomi ya san abin da yake yi.

Saboda haka ga shawarata. Ku fara da gaishe da dagaci da mai unguwa, ku faɗi abin da ya kawo ku, domin da sallama ake shiga gida. 'Yan'uwa mata su shiga cikin gida, inda namiji ba zai kai ba. Ku rubuta abin da kuka gani dabam, abin da aka gaya muku dabam, ra'ayinku dabam. In gida ashirin kuka zaga, ku ce ashirin. Ku gwada da hannunku: kwano ɗaya a buɗe, ɗaya da toka, ɗaya a ɗaurarriyar leda, bayan wata biyu ku ƙirga ƙwaya ɗari daga kowanne ku ga nawa suka huje. Idan kun gama, ku koma ku karanta wa mutanen sakamakon da Hausa.

Malamai kuma, ina roƙonku ku ba da maki a kan wannan wahala, ku riƙa neman littafin da ɗalibi ya yi rubutu a ciki a bakin rumbu.

Gobe waɗansunku ne malaman gona, waɗansu jami'an lafiya, waɗansu masu sa hannu a takardar sayen magani ko buhu na jiha guda. Wanda ya saba kwafe tun yana ɗalibi, da wuya ya tashi daga kujera ya je ya duba sa'ad da ya zama ma'aikaci, kuma kuskurensa a cikin tukunyar talaka zai ƙare. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Hutu na zuwa, kowa kuwa yana da ƙauye.

 Allah Ya ba mu ilmi mai amfani.