Tura ƙarfe sama da kai: ba duka ne iri ɗaya ba

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Wani ɗan uwa ya turo tambaya. Ya ce tare suka fara zuwa jim da abokinsa, amma shi kilo 40 yake iya turawa sama da kai, abokin kuwa har ya kai 55, wai me ke damunsa? Na ce ya turo mini bidiyon abokin. Ina kallo na ga duk turi ɗaya sai ya ɗan lanƙwasa gwiwa. Malam, ka kwantar da hankalinka, ba abu ɗaya kuke yi ba.

Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko shi ne wanda 'yan jim ke kira militari fires. Kana tsaye, sandar ƙarfe tana gaban kafaɗarka wajen ƙashin wuya, gwiwa a miƙe ba ta motsi. Ka matse ciki da ɗuwawu, ka ja haɓa baya sanda ta wuce, sannan ka mayar da kanka ƙarƙashinta. Kafaɗa da tsokar bayan damtse su ke ɗaukar aikin. Sunan ya samo asali ne daga tsayuwar soja, duga-dugai a haɗe, amma yanzu yawanci ana buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa. Wannan ne mai tambayarmu yake yi, kuma a cikinsu duka shi ya fi jinkirin ƙaruwa. Idan ka ƙara kilo 2 a wata, ai ka yi ƙoƙari.

Na biyu, fush fires, shi ne na abokin. Za ka ɗan sauka kaɗan, kamar wanda zai zauna ya fasa, sai ka miƙe da ƙarfi. Ƙafa ce ke cilla sandar ta tsallake wurin da ya fi wuya, wato daga kafaɗa zuwa goshi, hannu kuma ya ƙarasa. Shi ya sa nauyin ke fin na farko. Ba maguɗi ba ne, motsi ne mai zaman kansa, yana koya wa jiki fitar da ƙarfi cikin sauri. Maguɗin shi ne ka yi shi ka ce militari ka yi.

Na uku shi ne jak. Nan sau biyu ake lanƙwasa gwiwa: na farko ka cilla sandar, na biyu ka faɗa ƙarƙashinta ka tare ta da hannu a miƙe. Wannan ya fi kusa da dabara fiye da gina tsoka, kuma yana son mai koyarwa a kusa.

Akwai kuma na zaune. A benci mai majingina, ƙafa ba ta taimako, baya kuma ya samu abin dogaro, sai kafaɗa ta sha aikin ita kaɗai. Idan kuma a ƙasa ka zauna, ƙafa a miƙe babu jingina, shi ake kira Z fires, ana danganta sunan da Zydrunas Savickas, ƙaƙƙarfan nan ɗan Lituweniya. Ka rage nauyi sosai kafin ka gwada, don nan take zai tona asirin tsokar cikinka.

Na bayan wuya fa? Yana buƙatar kafaɗa mai sakewa sosai. In kana yini a sunkuye kan waya ko keken ɗinki, ka bar shi tukuna, na gaba ya ishe ka.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe. Da can turin ƙarfe sama da kai yana cikin gasar Olamfik, amma bayan wasannin Munich na 1972 aka cire shi. Babban dalili, 'yan wasa suna gantsarewa baya har abin ya koma kamar turin kwance, alƙalai suka kasa bambance na daidai da na kuskure. Wannan gantsarewar ita nake gani kullum a wuraren motsa jikinmu. Ni kaina na taɓa yi don kada yara su ga na kasa, ƙuguna ya riƙe, sai da na yi sati uku ko ruku'u da ƙyar nake yi.

Saboda haka in sanda ta ƙi tashi sai ka gantsare, nauyin ya fi ƙarfinka, ka rage. Sabon shiga ya fara da sandar kaɗai, cikakkiyar ta maza kilo 20 ce, ta mata 15. Ka ƙware a na tsaye, sannan ka ƙara fush fires. Masu ƙarfen siminti na unguwa, da yake ba ku da ƙananan faifai, ku ƙara yawan turi maimakon nauyi. In kuma zafi mai suka ka ji a kafaɗa ko baya, ka tsaya ka ga likita.

Ku rubuto mana wanda kuke yi da kilo nawa, amma fa a faɗi gaskiya game da gwiwa. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.